Angel Road: Tashar da Aka Ɓoye wa Ƙofa

Ranar Juma'a 31 ga Mayu 2019 jirgin ƙasa ya tsaya a tashar Angel Road karo na ƙarshe. Tashar tana unguwar Edmonton a arewacin Landan, tafiyar kilomita 12 da 'yan kai daga babbar tashar Liverpool Street, tsakanin Northumberland Park da Ponders End. Ta yi shekara 178 da wata takwas tana aiki. A ranar rufewar, masu sha'awar jiragen ƙasa sun zo da kyamarori suna ɗaukar allon sunan tashar da gadar ƙafarta, abin da ba a saba gani ba a wurin da mutum kan tsaya shi kaɗai kamar mayya. Da gari ya waye ranar Litinin 3 ga Yuni, aka buɗe sabuwar tasha mai suna Meridian Water a kan layin nan dai, mita 580 kudu da tsohuwar.

Idan aka tambayi dalilin rufe ta, amsar da ke kusa da baki ita ce ba ta da fasinja. Gaskiya ne kuwa. A ƙididdigar ORR, hukumar da ke sa ido kan layin dogo da manyan tituna a Birtaniya, Angel Road ce tashar da ta fi kowace ƙarancin mutane a duk Landan a wasu daga cikin shekarun ƙarshe na rayuwarta: shiga da fita kimanin 33,000 a shekara. Tashar Waterloo a lokacin tana ganin kusan miliyan 99, wato abin da Angel Road ke tarawa a shekara guda, Waterloo kan haɗa shi cikin awa uku. In ka raba 33,000 ɗin a kan ranakun aiki, za ka samu wajen 130 a rana, kuma tunda ana ƙirga tafiya daban dawowa daban, mutanen ba su wuce sittin da 'yan kai ba.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Wannan ba tashar ƙauye ba ce. Tana cikin birni mai mutum kusan miliyan tara, kusa da unguwanni masu cunkoso da masana'antu da manyan kantuna. Abin tambaya shi ne yadda aka yi wuri irin wannan ya rasa mutane, kuma amsar ta faro tun daga ranar da aka kafa tashar.

Tun asali ba a gari aka gina ta ba

Kamfanin Northern and Eastern ne ya buɗe layin daga Stratford zuwa Broxbourne ranar 15 ga Satumba 1840. Burinsa ya kai Cambridge da arewacin Ingila, ba ya ɗauki mutanen ƙauyukan da ke hanya ba. Don haka ya bi kwarin kogin Lea, inda ƙasa take shimfiɗe, fili yake da araha, babu gidajen da za a rusa. Matsalar ita ce fadama ce, kuma mutane ba su zauna a fadamar ba. Garin Edmonton yana yamma, a jere bisa tsohuwar hanyar da ta fito daga Landan ta nufi arewa. An sa wa tashar suna Edmonton, amma mai son hawa jirgi sai ya yi tattaki fiye da kilomita guda ta cikin gonaki kafin ya iso.

Layin ma da faɗinsa na daban ya fara, ƙafa biyar tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sai a 1844 aka mayar da shi faɗin da sauran layukan ƙasar ke amfani da shi. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Eastern Counties ya karɓi gudanar da shi.

Zamanin da tashar ta fi daraja ya fara ranar 1 ga Maris 1849, lokacin da aka buɗe reshe daga nan zuwa garin Enfield. Ta zama mahaɗa, aka sauya mata suna zuwa Water Lane. A kan wannan reshen aka gwada wani ɗan jirgi wanda injinsa da taragon fasinja suke haɗe a jiki ɗaya, abin da ya zo kafin lokacinsa. A 1862 kamfanonin yankin suka narke cikin Great Eastern, kuma daga 1 ga Janairu 1864 tashar ta ɗauki sunan da ta mutu da shi. Sunan ya samo asali ne daga wani tsohon masauki kuma mashaya da ake kira Angel, a mahaɗar hanya cikin garin Edmonton. Titin da ya taso daga masaukin ya gangaro fadama shi ne Angel Road. Wato ko sunan ma na wani wuri ne da ke nesa da tashar.

Darajar ba ta daɗe ba. A 1872 Great Eastern ya buɗe sabon layi daga tsakiyar Landan ta Hackney Downs da Stoke Newington da Seven Sisters, ya ratsa ta cikin Edmonton ɗin kansa, ya haɗe da reshen Enfield. Jiragen Enfield suka koma can. Aka kafa tashar Silver Street dab da mahaɗar Angel. Daga nan, duk mutumin Edmonton da ke son shiga Landan yana da tasha a ƙofar gidansa, ba shi da dalilin gangarawa fadama.

Akwai wani abu da ya ƙara wa sabon layin ƙarfi. Da kamfanin ya nemi izinin rusa gidajen talakawa don gina Liverpool Street, majalisar dokoki ta sa masa sharaɗi a dokar 1864: dole ya riƙa tafiyar da jirgin leburori mai araha daga Edmonton da Walthamstow, peni biyu tafiya da dawowa, kwabo biyu ke nan a tsohon lissafi. Wannan kwabo biyun ne ya cika Edmonton da ma'aikata, aka yi ta jera ƙananan gidaje a manne da juna inda da gonaki ne. Garin ya bunƙasa, amma a gefen sabon layi ya bunƙasa. Tsohon reshen da ya haɗa Angel Road da Lower Edmonton ya koma ɗaukar 'yan jiragen leburori da sassafe, har aka daina kai fasinja a kansa a 1939. Jiragen kaya suka ci gaba da binsa zuwa 1964, sannan aka ɗauke shi gaba ɗaya.

Abin da ya riƙe Angel Road duk tsawon wannan lokaci masana'antu ne. Fadamar da ba ta dace da gidaje ba ta dace da su: ga fili, ga ruwa, ga layin dogo mai kawo gawayi. Dab da tashar aka kafa babbar matatar da ke sarrafa iskar gas daga gawayi. Akwai masana'antar Gothic mai ƙera murhun gas da mitoci, akwai ta Eley mai yin harsashi, akwai masu haɗa kujeru da kabad. Fasinjan tashar a wancan zamani ba mai barin unguwa da safe ba ne, mai shigowa aiki ne. Kamfanoni sun yi ta sauyawa a kanta, kamfanin jiragen ƙasa na LNER a 1923, gwamnati a 1948, aka kuma sa wa layin lantarki a 1969. Sai dai lantarkin ya zo ne a daidai lokacin da dalilin zuwa wurin ke gushewa. Birtaniya ta samu iskar gas a Tekun Arewa, matatun gawayi suka zama tarihi, ta Angel Road ta tsaya a farkon shekarun 1970. Masana'antun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Filin matatar ya zama kango mai gurɓatacciyar ƙasa, an kewaye shi da waya, ya yi shekaru da dama a haka.

Ƙofar

Duk wannan ya raunana tashar, amma bai kashe ta ba. Ni a ganina titi ne ya yi mata lahanin da ba ta tashi ba.

Titin Angel Road ya daɗe da zama ɓangare na North Circular, babbar hanyar da ta zagaye arewacin Landan. A da, ƙofar tashar tana kan wannan titin ne, a gadar da ta haye layin dogo. Ka sauka daga bas, ka gangara matattakala, ga ka a dandamali. Da aka faɗaɗa titin a shekarun 1990, aka mayar da shi hanya mai layuka da yawa da gadojin sama wadda motoci ke sheƙa gudu a kanta, sai aka toshe wannan ƙofar. Aka buɗe wata a arewa, ta wani titi da ake kira Conduit Lane. Tashar ta ci gaba da amsa sunan Angel Road alhali babu yadda za ka shige ta daga Angel Road.

Sai wanda ya bi hanyar da ƙafarsa a wancan lokaci zai gane girman abin. Conduit Lane ita ma gadar sama ce, an yi ta don motoci da manyan tireloli. Za ka hau kanta iska na kaɗa ka, babu shago, babu gida, babu mai sayar da ko ruwan sha. Can a tsakiya ka ga ɗan allo mai alamar jirgin ƙasa da wata matattakala ta kankare. Ka sauka. A ƙasa sai wani siririn lungu mai shinge hagu da dama, layin dogo a gefe guda, filin 'yan gwangwan a ɗaya gefen, inda injin ke damƙar tarkacen motoci yana jibgewa da ƙara. Lungun dogo ne, kuma in wani ya ɓullo daga gaba babu inda za ka kauce. A ƙarshensa ne za ka tarar da dandamali biyu, da gadar ƙafa, da 'yar rumfar fakewa daga ruwan sama, da na'urar taɓa katin Oyster na biyan kuɗin sufuri a Landan. Babu ma'aikaci ko ɗaya. A saman kanka ga gadar North Circular tana ruri, motoci dubbai na wucewa, babu wanda ya san akwai tasha a ƙarƙashinsa.

Yanzu ka sa wannan a watan Disamba, lokacin da duhu ke shiga tun ƙarfe huɗu na yamma. Ka sa mace ita kaɗai ta taso daga aiki, ko uwa da keken jariri, ko dattijo mai sanda. Mai keken guragu kuwa ba a ma maganarsa. Babu wanda ya rubuta a allo cewa an hana waɗannan mutane shiga, amma matattakalar da lungun sun isar da saƙon.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maƙwabtan tashar. Kudu maso gabas da ita akwai katafaren kantin Tesco, kuma a watan Fabrairu 2005 kamfanin IKEA ya buɗe nasa kantin kayan ɗaki a gefensa. Da tsakar dare aka buɗe, an yi alkawarin rangwame, mutum wajen 6,000 suka yi dafifi har aka tattake wasu, aka rufe ƙofa cikin ƙasa da awa guda. A dare ɗaya kantin ya tara kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da tashar ke gani a shekara. Daga dandamali kana iya hango shuɗin ginin, amma don ka isa gare shi sai ka fara juya masa baya, ka bi lungu ka yi arewa, ka hau gada, sannan ka zagayo ta gefen manyan tituna. Mutane suka zaɓi bas daga Tottenham Hale, ko motarsu.

Jadawalin

Ko da ka jure lungun, sai ka dace da jirgi. A shekarun ƙarshe, ƙarƙashin kamfanin Greater Anglia, jirage na tsayawa a Angel Road ne safe da yamma kawai, Litinin zuwa Juma'a. Da rana babu. Da dare babu. Asabar da Lahadi, ranakun da ake zuwa sayen gado da kabad, tashar a mace take.

Wannan jadawali an yanka shi ne a kan ma'aikacin ofis, mai fita ƙarfe takwas ya dawo ƙarfe shida. Edmonton kuwa tana cikin unguwannin da suka fi talauci a Landan, cike da Turkawa da Somaliyawa da 'yan Gana da Najeriya da sauran baƙi, da yawansu masu aikin karɓa-karɓa ne: shara a ofisoshi tun asuba, gadi, jinya, lodi a rumbunan ajiya. Wanda zai fara aiki ƙarfe biyu na rana ya tashi goma na dare, tashar ba ta da abin da za ta yi masa. Kuma tasha mai jirgi jefi-jefi tana da wani haɗari: in ka makara da minti ɗaya, ko aka soke jirgin, ka shiga uku. Mutum kan gwada sau ɗaya ko biyu, ya koma bas.

Ba mugunta ce ta sa kamfanin ya yi haka ba, kuma a nan ya kamata a yi masa adalci. A lokacin, layin kwarin Lea ƙarfe biyu ne kacal, wato hanyar jirgi biyu, ɗaya ta tafiya ɗaya ta dawowa. A kansu ne jiragen Cambridge ke bi, da na Hertford East, da na Bishop's Stortford, da kuma na filin jirgin saman Stansted, wanda aka haɗa da layin a 1991, mai tashi duk bayan minti 15. Jirgi ba mota ba ne da zai ratse ya wuce na gabansa. Duk tsayawa ɗaya a ƙaramar tasha, da rage gudu da buɗe ƙofa da sake ɗaukar wuta, tana cin wajen minti biyu, kuma mai saurin da ke biye dole ya jira. Mai tsara jadawali yana da ɗaruruwan fasinjoji masu neman kama jirgin sama a hannu ɗaya, da mutum uku a dandamalin Angel Road a ɗaya hannun. Ba sai an faɗi wanda zai zaɓa ba. Abin haushin shi ne a da akwai ƙarin layukan kaya a gefen waɗannan biyun. Da harkar kaya ta ja baya aka tumɓuke su, filin ya zama ciyawa.

Ga yadda abin ya riƙa cin kansa. An rage jirage saboda babu mutane, mutane suka ƙara janyewa saboda babu jirage. Babu mai kashe kuɗi ya gyara ƙofar tashar da ba ta da fasinja, kuma fasinja ba zai zo ta ƙofar da ba a gyara ba. Kowace shekara ORR ta fitar da adadi, jaridu su buga cewa ga tashar da ba a so a Landan. Adadin nan yana auna waɗanda suka iya jure wahalar ne kawai. Waɗanda suka leƙa lungun suka juya, babu takardar da ta ƙirga su.

Yadda aka rufe ta

Ba ƙarancin fasinja ne ya kawo ƙarshenta ba, domin a Birtaniya tasha na iya shekaru da dama tana numfashi sama-sama. Rufe tasha a can aiki ne mai tsawo. Dokar layin dogo ta 2005 ta ce sai an wallafa ƙudurin, an ba jama'a aƙalla mako 12 su faɗi ra'ayinsu, sannan ORR ta duba ta tabbatar an bi ƙa'ida. Sau da yawa kamfani kan ga ya fi masa sauƙi ya bar tasha da ɗan jirgi ɗaya-biyu da ya shiga wannan dogon turanci. Angel Road ta daɗe a wannan hali.

Abin da ya motsa lamarin gidaje ne. Ƙaramar hukumar Enfield ta dubi kangon matatar gas da sauran filayen masana'antu da ke kewaye, kimanin hekta 85, ta tsara gina sabuwar unguwa mai suna Meridian Water: gidaje 10,000, guraben aiki fiye da 6,000, kuɗi fam biliyan 6, cikin shekara ashirin ko fiye. Babu mai zuba jari da zai gina gida dubu goma a wurin da tasharsa ke ɓoye bayan filin gwangwan. Kuma tashar tana can gefen arewa, North Circular ta raba ta da filin da za a gina. Da farko maganar gyara Angel Road aka yi, har sunan aikin layin ma, STAR, daga haruffan farko na Stratford da Tottenham da Angel Road aka haɗo shi. Daga baya aka ga gara a matsar da tashar kudu da titin, tsakiyar inda mutanen za su zauna.

Aikin ya zo a dunƙule, na fam miliyan 170. Network Rail, hukumar da ke kula da layukan dogo, ta shimfiɗa ƙarfe na uku daga wajen Lea Bridge zuwa Meridian Water, a kan filin nan da aka tumɓuke layukan kaya. Lea Bridge ɗin ma tasha ce da aka rufe a 1985 aka sake buɗewa a 2016. Aka gyara Tottenham Hale da Northumberland Park. Sabuwar tashar ta ci fam miliyan 46, mafi yawansu daga aljihun ƙaramar hukumar. Amfanin ƙarfe na ukun shi ne ƙaramin jirgi ya riƙa kai-komo tsakanin Stratford da Meridian Water ba tare da ya tare wa na Stansted hanya ba. Tashoshi biyu kuwa a tazarar mita 580 ba za su yiwu a layi mai cunkoso irin wannan ba. Ma'aikatar Sufuri ta saurari ra'ayin jama'a a 2018, ORR ta amince a 2019, aka sa rana.

Ba a yi wata zanga-zanga ba. Mutum sittin ba su isa su cika zaure ba, kuma yawancinsu sabuwar tashar ta fi musu. Waɗanda suka yi asara su ne masu aiki a masana'antun da ke arewa da North Circular, wajen rukunin Eley, domin tafiyarsu ta ƙaru. Su kaɗai ne tsohuwar ƙofar Conduit Lane ta yi wa daidai.

Meridian Water ta zo da duk abin da aka hana Angel Road. Dandamali uku, da wurin ƙara na huɗu. Lif ga wanda ba zai iya hawa matattakala ba. Faffaɗan matakala da ake hangowa daga titi, tana kallon Tesco da IKEA. An gina ta kamar gada, yadda mai tafiya a ƙasa zai haye layin dogo daga gabas zuwa yamma ko da ba jirgi zai hau ba. A watanni ukun farko dai jadawalin tsohuwar ta gada, safe da yamma, sai a Satumba 2019 aka fara jirgi biyu a kowace awa zuwa Stratford, kwana bakwai a mako. Hanyar da layin ke bi ba ta sauya ba, unguwar ba ta sauya ba, a lokacin ko bulo ɗaya na sababbin gidajen ba a aza ba. Ƙofa da jadawali kawai aka sauya, sai ga fasinjan da aka ce babu.

A nan ne nake ganin an yi wa mutanen Edmonton rashin adalci, ko da ba da gangan ba. Ƙofa mai kyau da jirgin rana ba su samu ba a shekara ashirin da wani abu da suka yi suna zaune a gefen tashar. Sun samu ne lokacin da aka fara lissafin mutanen da ba su riga sun zo ba, masu sayen gidajen da za a gina. Na san kuɗin ƙarfe na uku ba zai taɓa fitowa don mutum sittin ba. Amma buɗe ƙofa ta kudu da sa fitilu a lungu ba aikin fam miliyan 170 ba ne.

Gidajen kuma sun yi nawa. Tashar ta riga malam masallaci. Kamfanin Barratt da aka zaɓa a 2016 ya jagoranci ginin ya janye a 2017, wanda ke biye masa, wani kamfani daga Hong Kong, shi ma tattaunawa da shi ta watse a 2018, ƙaramar hukumar ta ɗauki ragamar da kanta. Sai ga annobar korona, wadda ta kwashe fasinjoji daga dukkan jirage wata tara kacal bayan buɗe tashar. Babban shirin sabon layin dogo na Crossrail 2, wanda aka sa ran zai bi ta nan ya mayar da layin ƙarfe huɗu, an jingine shi a 2020. Rukunin farko na gidajen, 'yan ƙalilan a filin tsohuwar matatar gas, sai a 2023 aka miƙa makullansu.

IKEA ma bai jira ba. Bayan shekara 14 yana kallon tashar da ba ta kai masa kowa, ya samu wadda ke bakin ƙofarsa na shekara uku, sannan ya rufe kantin a ƙarshen Agusta 2022. A 2023 aka mayar da shuɗin ginin zauren kiɗa da rawa mai suna Drumsheds, wanda ke ɗaukar mutum 15,000 a zama ɗaya, kusan rabin abin da Angel Road ke gani daga Janairu zuwa Disamba.